Takardar da na karanta wa Yaya Saude

Shekara tara ke nan a wannan daminar da rasuwar yayata Saude. Na ce tara bisa lissafin kalandar boko. In aka bi watannin Musulunci, waɗanda Innarmu take bi, an gota taran da wata uku ko kusa da haka. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan zauna in ce zan rubuta wani abu a kanta, in yi layi biyar ko shida, in karanta, in goge. Kullum gani nake akwai kalmar da ban auna ta da kyau ba. Bana wani abu ya faru a tsakar gidanmu da ya hana ni gogewa. Na nemi izinin Inna kafin in aiko da wannan rubutu. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Ai kai ne mai boko." Wanda ya bi ni zuwa ƙarshe zai gane abin da ya sa wannan amsa ta fi mari zafi a wurina.

A nan Sabo ta Ibadan aka haife mu duka. Yaya Saude ce 'yar fari, ni ne auta, tsakaninmu shekara goma. Sana'arta yajin tsire. Duk wanda ya ci tsire tsakanin Sabo da Mokola a waɗancan shekarun, ina jin da wuya a ce bai taɓa lasar aikin hannunta ba, ko da bai san sunanta ba. Ƙuli-ƙuli take dakawa da barkono da citta da kanumfari da masoro, da wani abu guda da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, in an matsa mata sai ta ce, "Gumi ne." Mijinta, Malam Tukur, albasa yake sayarwa a kasuwar Bodija, kuma yakan yi mako biyu ko uku a Arewa wajen saro kaya. A gidan hayar da suke zaune maƙwabta sun yi ta ƙorafin atishawa, don haka turminta da rariyarta a gidanmu suke. Da hantsi za ta iso cikin dogon hijabinta, ta gaida Inna daga bakin ƙofa, ta ɗaure hanci da tsohon ɗankwali, ta hau daka. Kafin magariba ta koma ɗakinta.

Tun tana budurwa take da asma. Na taɓa tambayarta yadda mai ciwon ƙirji za ta zaɓi barkono ya zama sana'arta, ta ce in samo mata aikin ofis mai fanka, ranar za ta ajiye taɓarya. Tana da inhela biyu, ƙananan bututun nan da masu asma suke fesawa a baki su shaƙa. Ɗaya ruwan ƙasa ne, wanda likita ya ce ta riƙa shaƙa safe da yamma ko tana jin lafiya, don ya hana ciwon tashi. Ɗayan shuɗi, na lokacin da numfashi ya sarƙe. Suna cikin wata 'yar jaka da take ratayewa a ƙusa kusa da turmin. Da su biyun nan ta yi shekaru tana daka, kuma ban tuna an taɓa kwantar da ita a asibiti saboda ƙirji ba.

Dole in ɗan yi bayanin gidanmu. Mutanen Arewa sukan ɗauka mu Hausawan Ibadan mun saki al'ada, tunda muna ciniki da Yarbanci, muna faɗa da direbobi da Turancin buroka. Wataƙila a wasu gidajen haka ne. A gidanmu kunya ta fi ta ƙauyen da kakanninmu suka baro, kamar nisan ne ya sa aka ƙara ƙanƙame ta. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Saude ba, saboda 'yar fari ce. "Waccan" take cewa, ko "mai yaji". Ba ta zama ta yi hira da ita, ba ta tambayar lafiyarta. In ta ji tarin ya dame ta, sai ta dafa ruwan citta ta ajiye a kan dakali, ta ce da ni, "Ka ce wa waccan ga abu nan," alhali Yaya tana tsaye taku uku daga wurin. Haka ƙaunarsu take tafiya, ta bakin wani, ko ta wani abu da aka ajiye ba a ce komai ba.

Ni kuwa ni ne na fara shiga jami'a a zuriyarmu. Ilimin tsirrai na karanta. Abin da na sani shi ne ganye da saiwa da yadda ake yanka su siriri a duba. Amma tun ranar da aka ga hotona da farar rigar ɗakin gwaji, unguwa ta sa mini suna Dokta. Na yi ta gyarawa har na gaji. Duk takardar da aka rubuta da Turanci, ta asibiti ce ko ta makaranta, wurina ake kawowa, kuma abin da na faɗa ya zauna. Ba zan ɓoye ba, a lokacin abin yana yi mini daɗi, duk da cewa yana ba ni tsoro.

Yaya ta yi ɓari sau biyu a shekarun aurenta. Ba a gaya mini ba, don ba a gaya wa ƙane irin wannan. Na gane ne daga kwanakin da turmi ya yi shiru, da matan da suke shigowa suna magana ƙasa-ƙasa. A cikin maganganun nan na ji an ambaci inhela. Wata ta ce abin da ake shaƙa har ya buɗe ƙirji, me zai hana shi buɗe mahaifa? Ban san wadda ta fara faɗa ba. Na dai san maganar ta kama gidan kamar yadda warin barkono ya kama labulayenmu.

Wajen wata huɗu kafin rasuwarta, wata rana da la'asar, na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Mokola, ina zaune a kan benci ina cire takalmi. Yaya ta ajiye rariya, ta goge hannu, ta ciro wata takarda mai ninki da yawa, irin wadda ake samu a cikin kwalin magani. Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, ta ba mu baya.

"Dokta, duba mini nan," in ji Yaya. "Wata ƙawata ce a unguwar Shasha, irin ciwona gare ta, irin maganina take shaƙa. To, ta samu juna biyu. Ta ce in tambaye ka me takardar ta ce."

Na buɗe takardar. Rubutu ne ƙanana ƙwarai, gaba da baya. Na nemo wurin da aka yi maganar masu ciki, layi uku ne kacal. Cewa aka yi mai ciki, ko mai shirin ɗaukar ciki, ta sanar da likitanta, kuma likita ne zai auna amfanin maganin da abin da ake gudu. Babu inda aka ce a daina. Wannan kam na tabbata da shi, domin takardar tana wurina har yau.

Amma ni mutum ne mai tsoron a ce ni na ce. Tun ina yaro haka nake. Na yi tunani: in na ce ba komai, matar nan da ban sani ba ta ci gaba da shaƙa, cikin ya zube, wa za a nuna? In kuwa na ce a yi hattara, babu mai zargina, domin ban taɓa ganin an kama mutum da laifin cewa a yi hattara ba. Don haka na ninke takardar, na ce su kansu masu maganin ba su ba da tabbaci ba, abu ne da yake buƙatar likita, kuma ni a ganina gara a yi taka-tsantsan, in da hali a ɗan dakata har a ga likitan. Na ce "a ganina". Na ce "in da hali". Na jera duk kalmomin da mutum yake jerawa don ya bar wa kansa hanyar zillewa.

Yaya ta ce, "To, zan gaya mata." Ta bar takardar a hannuna ta koma kan rariya. Inna ba ta juyo ba, amma na lura hannunta ya tsaya a cikin farantin shinkafar.

Tambayar da na yi shekara tara ina yi wa kaina ita ce, na san babu wata ƙawa a Shasha, ko ban sani ba? Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce, a ranar ban sani ba, bayan wata guda na fara zargi, bayan wata biyu na sani. Tafiyarta ta sauya, ta daina ɗaga buhun ƙuli-ƙuli, ta koma tankaɗe a zaune. Mace a unguwarmu ba ta faɗar cikinta, balle wadda ta yi ɓari biyu, balle ga ƙanenta namiji. Hanyar da al'ada ta bar mata ita ce ta ƙirƙiro ƙawa, kuma ta bi hanyar. Ni ma al'adar ta bar mini tawa. Da na iya zuwa in ce, Yaya, ƙawar nan taki, ki ce mata na sake dubawa, kada ta daina komai sai ta ga likita, kuma ta je gobe. Ba sai na kalli cikinta ba, ba sai na ambaci komai ba. Na shirya wannan magana a raina ban san sau nawa ba. Kullum sai in ce bari in ƙara bincike tukuna, kada in gyara kuskure da wani kuskuren.

Daga baya Malam Tukur ya gaya mini ko awo ba ta fara ba. Cewa take yi sai cikin ya yi ƙwari, sai mijin nata ya dawo daga tafiya, sai ruwan saman nan ya lafa. Asibitin ƙirjin da take zuwa kuma likitan namiji ne, sai ta daina zuwa gaba ɗaya don kada ya tambaye ta abin da ba za ta iya amsawa ba. A watannin nan na riƙa jin numfashinta daga ɗakina, wani siririn fito kamar na butar shayi a kan wuta. Damina ta sauka, bangon gidanmu ya yi danshi, ciwon ya ƙaru. Na lura 'yar jakar nan ta lafe a jikin bango kamar babu komai a cikinta. Na gani. Ban taɓa ta ba.

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Inna ta tafi suna Shasha tun safe, ta kulle ɗakinta da kwaɗo kamar kullum, ta ɗaure makullin a gefen mayafi. Ni ina ɗaki ina duba takardun jarrabawar ɗalibai. Masu tsire sun nemi yaji mai yawa saboda wani biki, Yaya tana tankaɗe ita kaɗai. Ba ƙara ce ta fito da ni ba, shiru ne, rariya ta daina motsi. Na same ta a durƙushe, hannu biyu a kan bakin turmi, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ɗankwalin hancin ya zame zuwa wuya. Na fizgo jakar na zazzage. Carbi ne kawai a ciki. Na tambaye ta ina shuɗin yake. Ba ta da numfashin magana. Ta ɗaga yatsa ta nuna ƙofar Inna.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi yi mini nauyi. Ban fasa ƙofar nan take ba. Waya na ciro na kira Inna, in tambaye ta ko akwai wani makullin, don a tarbiyyar da aka yi mini ɗa ba ya fasa ɗakin uwarsa. Wayar ta yi ta ƙara a cikin hayaniyar suna, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Ina jin sau uku na kira. Akwai ranakun da nake ce wa kaina biyu ne. Sai bayan nan na ɗauki taɓaryar Yaya na yi ta dukan ƙarfen da kwaɗon yake maƙale har ya ɓalle. A ciki kuma ga kabet cike da kwanuka, jeren Inna tun na aurenta, kowanne da murfinsa. Na riƙa buɗewa ina watsarwa. A cikin wata 'yar langa mai zanen fure, can baya, na same su su biyun, an naɗe su da tsumma mai tsabta kamar wani abin daraja.

Na fesa mata, amma maganin sai an ja shi ciki, ita kuma ba ta da sauran ƙarfin ja. Maƙwabta suka taimaka muka sa ta a tasi. A shataletalen Mokola motoci sun cushe. Direban, wani dattijo Bayarabe, ya fitar da kai yana roƙon hanya da Yarbanci, ni ma ina taya shi, kanta yana kan cinyata. Ban san minti nawa muka yi a wurin ba, kuma ba na son in ƙirƙiro adadi. A asibiti sun karɓe ta da sauri, ba ni da abin da zan ce a kansu sai alheri. Wata nas ta tambaye ni cikin wata nawa ne. Na buɗe baki in ce ban san tana da ciki ba, sai na ji na ce, "Shida, ko bakwai." Wannan ne karo na farko da wani daga gidanmu ya ambaci cikin nan da baki. Kafin a kira magariba Yaya ta cika, da ita da abin da take ɗauke da shi.

Likitar da ta fito ta yi mini bayani ba ta girme ni sosai ba. Ta ga inhela a hannuna, ta tambaya ko marigayiyar tana shaƙa yadda aka umarce ta. Na ce ta daina saboda cikin. Sai ta ce da ni cikin Yarbanci, a hankali, su abin da suke gaya wa masu asma in sun samu ciki shi ne kada su ajiye magani da kansu, domin ɗan da yake ciki da numfashin uwarsa yake rayuwa. In ita ta rasa iska, shi ma ya rasa. Ta tambaya wa ya ce ta daina. Na ce maganar mata ce a unguwa. Ta ce, "E pele," wato sannu, ta wuce. Ƙaryar da na yi ke nan, kuma a kanta na zauna shekara tara.

Mun yi imani kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Kuma a bisa gaskiya ba zan iya rantsewa cewa da ta ci gaba da shaƙa da tana raye ba. Ciwon yakan kashe har wanda yake riƙe da maganinsa. Barkonon yana da nasa kason, danshin ma haka, cunkoson Mokola ma haka. Na san duk wannan. Amma na lura duk lokacin da na jera su, jerin yana yi mini kama da wanda na yi mata a kan benci.

A shekarun nan na zama mai karanta abin da bai shafi aikina ba. Akwai rahotannin da ake tarawa a kan matan da suka yi amfani da irin waɗannan magungunan shaƙa suna da ciki: wadda ta haihu lafiya, wadda ta haihu kafin lokaci, wadda ta yi ɓari. Na karanta waɗanda na iya samu a waya, wasu na gane, wasu sun fi ƙarfina. Ba zan kawo adadi ba, domin ni ba likita ba ne, kuma na riga na ga abin da rabin sani yake yi in ya fito daga bakina. Abu biyu kawai zan iya cewa na fahimta. Masu rubuta rahotannin da kansu suna gargaɗin cewa don mace ta shaƙi magani ta yi ɓari, wannan bai nuna maganin ne ya jawo ba, tunda ɓari yana samun matan da ba su taɓa ganin inhela ba. Sannan ban ci karo da inda aka ce mai ciki ta ajiye maganin asmarta ita kaɗai a gida ba; abin da nake ta gani shi ne tsoron asmar da aka bari babu magani. Magungunan iri-iri ne, matan ma iri-iri, shi ya sa ake cewa a je wurin likita. Har yanzu layukan nan uku na takardar su ne daidai. Ni ne na ƙara musu na huɗu.

Nakan yi tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga Sabo ta yau. Turmi ya kusa ɓacewa, injin niƙa ya karɓe aikin, 'yan mata suna zuba yaji a robobi masu tambari suna tallarsa a waya. Ina jin za ta ɗanɗana, ta taɓe baki, ta ce na inji ba ya kama nama. Lokacin annoba da aka tilasta wa kowa sa takunkumin fuska na riƙa tuna tsohon ɗankwalinta. Da ta yi dariya ta ce duniya ce ta biyo ta. Yanzu, a ganina, matan unguwa suna zuwa awo fiye da da, har akwai masu ajiye hoton cikin a waya. Amma wayar nan ita ce kuma take yawo da saƙonnin murya, wata ta ce wata ta ce, kuma ba na jin kunyar ta ragu a wurin da take kisa. Har gobe akwai ƙawaye a Shasha waɗanda babu su. Ban sani ba ko da yau ne Yaya za ta tambayi waya maimakon ni, ko kuma wayar za ta fi ni amsa. Wataƙila. Ita dai waya ba ta tsoron a ce ita ta ce.

Watan jiya abin da na ambata a farko ya faru. Akwai wata Bilkisu, amaryar bara, ita da mijinta mai gyaran waya suna haya a ɗakin da yake kallon namu. Na sha ganinta da inhela shuɗi a hannu in tana shara. Ranar ina ɗaki da safe ina shirin fita aiki, sai na ji muryar Inna ta taga, ƙasa-ƙasa, irin muryar da mata suke yi in maganar ciki ce. Tana ce wa Bilkisu ta kawo abin nan ta ajiye mata har ta sauka. Bilkisu ta ce ai a kemis an ce mata ba komai. Inna ta ce, "Mai kemis ciniki yake yi. Dokta da kansa ya karanta takardar a gabana, ya ce yana taɓa ciki."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ban taɓa cewa yana taɓa ciki ba. Amma abin da aka ji ke nan, kuma ashe shekara tara maganar tana yawo da sunana, ban san ɗaki nawa ta shiga ba. A nan kuma na gane abin da ya sa Inna take riƙe da ita. Ni da ita ba mu taɓa maganar langar nan ba. Ranar da ta dawo daga Shasha ta ga ƙofarta a ɓalle, kwanukanta a ƙasa, tattarawa ta yi ta mayar, ba ta tambayi komai ba. In maganin yana cutar da ciki, to ita uwa ce da ta yi ƙoƙarin ceton jikanta, Allah bai nufa ba. In kuwa ba ya cutarwa, to ita ce ta kulle numfashin 'yarta ta tafi suna da makullin. Tsohuwa ce yanzu, ga hawan jini. Duk abin da zan faɗa don in tsare Bilkisu, a kan Inna zai sauka.

Na yi abin da na saba. Na ce bari in jira, in same ta ita kaɗai, in zaɓi kalmomi. Har na ɗaura ɗaya takalmin. Sai na ji Bilkisu ta yi tari, gajere, da ɗan fito a ƙarshensa. Na fita.

Ban kalli Bilkisu ba, a gaban Inna na durƙusa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Takardar ba ta ce haka ba. Ni ne na ji tsoro na ƙara nawa, kuma likita ta gaya mini tun ranar da Yaya ta rasu cewa kuskure ne, na ɓoye. Kada a karɓi maganin kowa. Ta riƙe abinta, ta je awo yau, ta nuna musu." Babu "wataƙila" a ciki, babu "a ganina". Ina jin ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba tare da su ba.

Bilkisu ta shige ɗaki da sauri, don na ambaci awo a gabanta. Inna ta tashi ta shiga nata ta saki labule. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba, abincin da aka kai mata yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Na auna mata jini sau biyu da 'yar na'urar da muke da ita a gida, ta miƙo hannu ba ta dube ni ba. A kwanakin nan gani nake na kashe uwata a kan maganar da ba za ta dawo da kowa ba.

A rana ta huɗu, bayan azahar, ta kira ni. Langar tana gabanta a kan tabarma, ta buɗe. Na Yaya mai ruwan ƙasa yana ciki, a naɗe da tsummansa. Kusa da shi akwai wasu guda uku da ban taɓa gani ba. Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi matan da ta karɓa a hannunsu cikin shekarun nan. Biyu sun sauka lafiya, in ji ta, ko da yake ɗaya ta sha wuya. Ta ukun mijinta ya mayar da ita Arewa da cikin, ba ta sake jin labarinta ba. Ta ce in nemi lambar mutanen in tambaya. Sannan ta turo mini langar da bayan hannu.

"Ni na ciro su daga jakar, tana kallona," in ji ta. "Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Da Saude ta ce in ba ta, da na ba ta."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba sai ranar. A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta saba ci ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in tashi, an kusa kiran la'asar.

Bilkisu ta je awo. An duba magungunanta, an ce ta ci gaba, an ba ta ranar ganin likitan ƙirji. Cikin yana nan. Ban san yadda zai ƙare ba, kuma ba zan yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Matar da aka mayar Arewa har yanzu ban same ta ba. Lambar da aka ba ni ba ta shiga.

In na auna abin da ya rage na Yaya Saude, ba shi da yawa. Ba ta bar ɗa ba. Malam Tukur ya yi wani auren, yana zuwa gaida Inna duk salla da kwandon albasa. Sirrin yajin ya tafi da ita. Tsofaffin masu tsire in sun gan ni sukan ce tun daga kanta ba su sake samun irinsa ba. Turmin yana bayan ɗaki a kife. Abin da ya fi kowanne tsawon rai shi ne maganar da na yi mata a kan benci, wadda ta rayu shekara tara bayanta tana shiga ɗakunan mata. Ita nake so in binne da wannan rubutu, in za ta binnu. Duk wadda aka taɓa gaya wa cewa Dokta na Sabo ya karanta takarda ya ce a ajiye inhela, ni ne Doktan. Ni ba likita ba ne, ganye na karanta, kuma takardar ba ta ce haka ba. Ki riƙe maganinki, ki je wurin waɗanda aikinsu ke nan, kuma in kin je ki ce ke ce, ba ƙawarki ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata mata inda take kwance, ya ba ta iskar da ta rasa a nan. Jiya na ji Inna ta cikin labule tana yi mata addu'a bayan salla. A da "waccan" take cewa, ta bar wa Allah ya gane wadda take nufi. Yanzu sunan take faɗa.